Irin Shinkafar da Tanimu Bai Kai Gida Ba

Shekara shida ke nan da muka binne Tanimu a wata maƙabarta da ke gefen garin Greensboro na Amurka, cikin jar ƙasa mai kama da ta gida har abin ya ba ni haushi. Duk shekara idan ganyen itatuwan garin nan ya yi ja ya fara zuba, sai 'yan uwa su bugo min waya su ce ya kamata in rubuta wani abu a kan abokina. Duk shekara sai in ce to. Bana na zauna na rubuta, sai dai ba irin wanda suke jira ba ne. So suke in ce marigayi mutum ne mai haƙuri da son jama'a. Tanimu ba shi da haƙuri ko na sisin kwabo, jama'a kuwa ba ya neman su sai in yana son mai riƙe masa tiyon ban-ruwa. Abu ɗaya ya sa a gaba a rayuwarsa, ya mayar da irin shinkafar kakarsa kan dutsen Mambila. Irin bai koma ba, kuma ina cikin dalilin rashin komawarsa dumu-dumu.

Shekara huɗu muka yi a gida ɗaya, wani gidan haya na sama da ba shi da nisa da tashar bas ta cikin gari. Ni ɗan birnin Kano ne, karatun injiniya ya kawo ni, shinkafa kuwa a faranti na san ta. Shi ya zo digirin ƙarshe ne a fannin noma. Kakanninsa fatake ne da suka hau dutsen da kayan koli, iskar wurin ta yi musu daɗi suka ƙi saukowa, aka haife shi a wani kwari da ke ƙasa da Gembu. Nakan tsokane shi in ce ban taɓa ganin Bahaushen da ke neman bargo a tsakiyar damina ba sai shi. Shi kuma ya ce ai bargon nan shi ne karatunsa gaba ɗaya, ni ne dai kaina ya cika da siminti.

Da gaske yake. Kowa ya san shinkafa ruwa take so, kuma ruwa a Mambila sai ka ce an huda sama, mafi yawan shekara zuba yake. Saboda haka duk wanda ya je wurin daga ofis sai ya ce ga ƙasar shinkafa ana wasa da ita. Tanimu ya ce ruwan shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Akwai 'yan kwanaki da shinkafa take yin ciki kafin ta fitar da kai, kuma a kwanakin nan ɗumi take so har cikin dare. Daren da mutum ya jawo bargo na biyu, in ji shi, a daren shinkafa mai ciki take ɓari. Za ta ci gaba da tsayuwa kore shar, ta fitar da zangarniya mai kyan gani, manomi yana murna, sai ranar girbi ya murza a tafin hannu ya ji fanko. Wadda ta tsallake wannan kuma tana buƙatar rana don ƙwaya ta cika, alhali a can gajimare saukowa yake ya kwanta a kan gona har hantsi, ganye ya wuni a jiƙe, ciwon da ke ƙona wuyan zangarniya ya samu wurin zama. Ga ruwan marmaro da ke fitowa daga cikin dutse da sanyin da ke kama haƙori. Duk wannan na haddace shi ba don ina so ba, don ba a cin tuwo a gidanmu sai da shi.

Amma mutanen kwarinsu suna da shinkafa tun da can. Wata ja ce, gajera, mai gashi a baki, ba ta da yawan albarka, kakarsa ta karɓi irinta a hannun maƙwabtanta 'yan ƙasa. Ita sanyin dare ba ya hana ta cika. Suna kuma da dabara: ba sa sako ruwan marmaro kai tsaye cikin gona, sai su haƙa masa doguwar hanya mai lanƙwasa marar zurfi, ya yi ta zagaye rana tana dukansa, kafin ya iso ya yi ɗumi. Sai wata hukumar bunƙasa noma ta hau dutsen da motoci, da farin iri mai yawan albarka da aka gwada a fadamun ƙasa mai zafi, da taki kyauta ga duk wanda ya bar ja ya shuka fara. Injiniyoyinsu suka dubi hanyar ruwan nan mai lanƙwasa suka ce ƙauyanci ne da ɓarnar fili, suka miƙar da ita da bututu. Duk lokacin da Tanimu ya zo nan a labarin sai ya nuna ni da cokali ya ce, "Irinku." Damina uku ana girbe fanko, ana cewa a ƙara taki. Kafin mutane su farga su nemi tsohon irinsu, an cinye shi a shekarun yunwar da sabon ya jawo. Tanimu ya bi ƙauyuka da ƙafa kafin ya samu wata tsohuwa da ta rage cikin gwangwanin madara guda. Ta ba shi rabi, ta rasu kafin ya baro ƙasar, sauran rabin kuma ba wanda ya san inda ya shiga.

Wannan rabin gwangwani shi ya shigo da shi Amurka, bayan takardun izini da suka ci masa kusan shekara. A jami'a ya raine shi cikin ɗakin gilashi, yana sanyaya masa dare da na'ura yana zaɓar zangarniyar da ta fi cika. Daga baya ya gano duwatsun da ke yamma da nan, tafiyar awa biyu da wani abu, suna da laima da sanyin dare irin na gida a ƙarshen bazararsu, ya samu wani manomi ya ba shi aron kwari. Wani tsohon Bature mai kiwon dawaki a Summerfield, wani ƙauye kusa da nan, ya bar masa gefen rafi don ya yawaita irin. Na sha kai shi wuraren nan a tsohuwar motata ina mita, ina cewa mutane sun zo Amurka neman dala shi ya zo neman taɓo. Ba ya ko kallona, yana durƙushe yana ƙirga ƙwayoyi da tsinken sakace.

A kakar shekararsa ta ƙarshe komai ya kammala. Ya kare kundin bincikensa a gaban malamai, ya yanki tikitin jirgi, saura mako uku ya tafi. Ya kwaso irin gaba ɗaya ya kawo gida: bokiti uku masu murfi a ɗakin ajiya na kicin, da ambulan-ambulan masu lamba a cikin kwalayen takalmi a firij, har ba inda zan sa madara. Ya ce bari ya je ya yi wa manomin kan duwatsun nan sallama. A hanyar dawowa, cikin ruwan sama da rana tsaka, wata babbar mota ta zame ta bi ta kansa.

Yanzu idan na shiga shagon kayan Afirka da aka buɗe mana a garin nan na ga buhunan farar shinkafar Asiya an jera har rufi, nakan yi tunanin abin da zai ce. Na san ba zai ce komai ba da farko, zai huda buhu ne da farce ya ciro ƙwaya ya ciza, mai shago yana masifa. A lokacinsa ba mu da shago, ba mu da yawa, kowa ya san kowa. Uwarmu duka ita ce Hajiya Mariyama, 'yar Maraɗi, wadda take ciyar da duk wani gwauro ranar Sallah, ta kuma taho da turmi da taɓarya da tanda daga gida cikin kayan jirgi. Ba wanda yake mayar mata da magana, kuma ba tsoro ba ne, ta ci wannan girman da hannunta.

Kwana biyar da rasuwar ta zo gidanmu shirya sadakar bakwai. Ta buɗe ɗakin ajiya tana neman tukunya, ta ɗaga murfin bokiti, ta ga shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓuntu ba, ja wur. Ta tsaya tana kallo.

"Nasiru, wagga ta wa ce?"

Na ce, "Ta marigayi ce, Hajiya. Shi ya noma."

"Shi ya noma da hannunshi? Allahu akbar. Bon, magana ta ƙare. Da guminshi za a yi mishi sadaka, lada ya tahi mishi kai tsaye. Ba mu zuwa supermarket mu sayo ta leda ga tashi aje."

Na ce, "Hajiya, ta research ce fa."

Dattijon da yake mana limanci yana zaune a falo, ya jiyo mu. Cikin taushin murya ya ce, "Nasiru, research ya ƙare. Mai shi yana gaban Ubangijinsa. Me zai amfane shi yanzu in ba sadaka ba?"

Na yi shiru. Shekara shida ina juya wannan shirun. Na gaya wa kaina cewa baƙin ciki ne ya rufe min baki, na gaya wa kaina cewa na ɗauka farfesansa yana da wani irin a ajiye. Duka akwai ƙamshin gaskiya. Amma ainihin abin shi ne kara. An tarbiyyantar da ni kada in ce wa babba a'a a gaban mutane, balle a gidan makoki, balle a kan maganar lada. Na ji kunyar a ce abokin marigayi ya hana a yi masa sadaka saboda rowar shinkafa. Ni da nake yi wa Turawan da ke koyar da ni gardama har su gaji, na kasa buɗe baki in ce wa tsohuwa mai ƙaunata wannan iri ne, ba abinci ba.

Ni na sauko da bokitan ƙasa. Da aka ce mutane za su zo daga Raleigh da Charlotte kuma ba za ta isa ba, ni na buɗe firij na ɗauko kwalayen, na yi ta yage ambulan ina zazzagewa a roba ɗaya, lamba a kan lamba, aikin shekara huɗu. Mata suka kafa turmi a wurin fakin na bayan gida suna karɓa-karɓa, suna bakace a faifai, maƙwabta suna leƙe ta taga. Aka jiƙa, aka niƙa, ƙullu ya kwana ya tashi. Ranar bakwai aka soya waina mai ja-ja, mai wani ɗan garɗi, kowa yana cewa rabonsa da irinta tun yana yaro. Har masu cewa sadakar bakwai bidi'a ce ba su ce uffan ba ranar, bakinsu a cike yake. Ni ma na ci, na kuma ƙara, kuma ta yi min daɗi. Wannan ne ban yafe wa kaina ba.

Bayan mako biyu farfesan nasa ya zo, wani dattijo mai magana a hankali, ɗauke da kundin karatun Tanimu an yi masa bango. Ya ce ya zo ne mu shirya yadda za a aika irin gida, shi zai yi takardun. Na tambaye shi ko ba su da wani a jami'a. Ya ce babu, an ba wasu masu bincike ɗakin sanyin, Tanimu ya kwashe nasa har ƙwayar ƙarshe. Sai na gaya masa. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya tambaye ni sau ɗaya, "Duka?" Na ce duka. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ajiye kundin a kan tebur ya yi min ta'aziyya ya sauka.

Na yi haukan nema bayan nan. Na je Summerfield, na tarar tsohon ya nome wurin ya shuka wa dawakinsa ciyawa. Da sanyi ya wuce na koma na bi gefen rafin da rarrafe ko wata ƙwaya ta tsiro da kanta, na hau duwatsun ma, ƙanƙara ba ta bar komai ba. A tsagar katakon ɗakin ajiya na tono ƙwaya goma sha ɗaya da allura. A nan na sake tafka wata wautar. Maimakon in kai wa farfesan, kunya ta hana ni komawa gabansa, na ce ni zan raine su in wanke kaina. Ni da ban taɓa raya ko albasa ba. Na shuka su a kofunan roba a bakin taga, uku suka tsiro, na yi ta ɗura musu ruwan famfo safe da yamma har suka ruɓe. Gefen rafin Summerfield kuwa yanzu gidaje ne masu faɗin fili da garejin mota biyu-biyu.

Da Tanimu zai leƙo yau, zai tarar mun yi yawa. Muna da ƙungiya mai shugaba da mataimaki da sakataren yaɗa labarai, muna taro a kan ci gaban Arewa, 'ya'yanmu suna amsa sallama da Turanci. Bara wani babban jami'in noma daga gida ya zo ziyara, wani likita ɗan uwanmu ya yi masa liyafa a gidansa na unguwar Irving Park. Jami'in nan ya miƙe da babbar riga ya ce matsalar manoman kan duwatsu ita ce taurin kai, an kai musu ingantaccen iri sun kasa riƙewa. Aka tafa masa. Da Tanimu yana wurin da an yi abin kunya, don sai ya tambaye shi ko ya taɓa kwana ɗaya a Gembu cikin damina, da bargo nawa kuma. Ni ina tsaye da faranti a hannu, na san amsar kowace kalma tasa, na sake yin shiru. Baƙo ne, babba ne, a gidan mutane muke. Hajiya Mariyama ma har gobe tana ba da labarin wainar nan a matsayin alherin da Allah ya ba ta ikon yi wa maraya a baƙon wuri, kuma ban taɓa gyara mata ba. Ba na jin haushinta. Haushin tarbiyyar da ta sa na fi tsoron ɓacin ran mutum ɗaya a gabana fiye da yunwar ƙauye guda da ba na gani nake ji.

Akwai kuma wadda shirun nawa ya fi cuta. Tanimu yana da yaya mace, Hansatu, tana can kwarin nasu, mijinta malamin firamare ne. Kafin ya rasu ya rubuta musu cewa su cire bututun nan su sake haƙa tsohuwar hanyar ruwa mai lanƙwasa, irin yana tafe. Suka haƙa. Duk shekara tana aiko min da kaset ta hannun matafiya, ta yi min addu'a, ta ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu, sannan a ƙarshe ta ce, "Nasiru, ƙanena, yaya maganar amanar nan?" Ta ce duk damina tana barin fili mafi kyau na bakin ruwan ba ta shuka komai, ko irin zai iso, sai lokaci ya ƙure ta cusa gwaza a makare ta samu abin da ta samu. Ni kuma duk shekara in mayar mata da kaset in ce takardun fitar da iri ne ba su kammala ba, Yaya, kin san Turawa da ƙa'ida. Sau biyar na yi mata wannan ƙaryar da muryata.

Idan na auna abin da ya rage na Tanimu, ba shi da yawa. Akwai kabari da nake share wa ganye. Akwai littattafansa na rubutu a akwatina, cike da lissafin sanyin kowane dare da yawan ƙwayar kowace zangarniya. Akwai kundi a ɗakin karatun jami'a da ya bayyana dalla-dalla yadda wata jar shinkafa take jure sanyi da laima, shinkafar da babu ita. Abin da ya sani gaskiya ne har yanzu, duk mai son noman shinkafa a kan dutse ya fara tambayar dare kafin ya tambayi ruwa, ya kuma tambayi tsofaffin wurin kafin ya miƙar musu da abin da suka lanƙwasa. Idan cikin masu karatu akwai wanda ya san wata tsohuwa a wani lungun Mambila da ta ɓoye ko tafin hannu ɗaya na gajeriyar jar shinkafa mai gashi, don Allah kada a dafa, a kai wa Hansatu. Ban sa rai ba, Tanimu ya riga ni bin ƙauyukan.

Yaya Hansatu, na san Malam mijinki yana sayen jaridar nan ko da ta kwana biyu a hanya, na san zai karanta miki. Na kasa faɗa a kaset, shi ya sa na faɗa a gaban duniya don kada in samu hanyar janyewa. Babu wata takarda da ake jira, ba a taɓa jiran takarda ba. Irin da ƙanenki ya ba da shekarunsa a kai mun daka shi, mun soya, mun cinye ranar bakwai ɗinsa, kuma ni na miƙa shi da hannuna. Ban nemi ki yafe min yanzu ba. Idan ruwa ya sauka bana, kada ki sake barin filin nan. Ki shuka gwazarki da wuri.